Ka daina dogaro da cls idan kana son wasanka ya buɗe a wayar abokinka

Idan kana cikin masu koyon rubuta furogiram, musamman ku ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuke zaune a Dundaye da kewayenta, akwai abin da kusan kowa ke gwadawa da zarar hannunsa ya fara faɗawa: ɗan ƙaramin wasa a cikin baƙin allon nan na rubutu zalla, wanda ake kira tamina. Wani ya yi maciji irin na tsohuwar Nokia 3310, wani X da O, wani wasan cinkar lamba. Hanyar da ake bi kuma kusan ɗaya ce. A hau YouTube, a samu bidiyo, a kwafo #include <conio.h> a saman fayil, a jefa system("cls") a cikin zagayen wasan domin goge allo. A laftof mai Windows komai ya tafi lafiya lau. Sai ranar da ka tura wa abokin ɗakinka wanda waya ce kaɗai gare shi, ya buɗe a Termux, wasan ya ce bai san zancen ba.

Da yawa a nan suke yanke hukunci cewa ai waya ba ta iya wannan aikin, sai mutum ya jira ya tara kuɗin laftof. Ni ban yarda da haka ba. Hanyar da aka nuna maka ce ta ɗaure wasanka a turke ɗaya. Akwai wata hanyar sarrafa allon rubutu wadda ta girmi Windows ɗin kanta, kuma waya da Linux da Mac da Windows na yanzu duk suna jin ta. Ita ya kamata ka fara koya, kuma a wayar da ke hannunka ya kamata ka fara gwada ta.

Mu fara da conio.h ɗin. Wannan fayil ba ya cikin harshen C na asali, kayan zamanin MS-DOS ne. Su clrscr() da gotoxy() da kake gani a tsofaffin darussa na kamfanin Borland ne, masu Turbo C da ya fito a 1987. Shi ya sa ko a kan Windows ɗin ma, idan kana amfani da Code::Blocks ko Dev-C++, za ka tarar getch() da kbhit() suna nan, amma clrscr() da gotoxy() babu su. Wannan giɓin ne ya sa mutane suka koma kan system("cls").

To mene ne system("cls") ke yi? Duk lokacin da ka kira shi, furogiram ɗinka tsayawa yake, ya taso wata manhaja daban, wato cmd, ya miƙa mata umarnin, ya jira ta gama ta rufe, sannan ya ci gaba. Kamar a ce duk sanda za ka share ɗakinka sai ka kira ɗan kabu-kabu daga cikin gari ya zo Dundaye ya share ya koma, alhali ga tsintsiya a bayan ƙofa. Yi haka sau 10 a daƙiƙa ɗaya, shi ne ƙyaftawar nan da kake gani allo yana yi har ido ya gaji. A Linux kuwa, da Android da aka gina a kansa, babu wani umarni mai suna cls, sunansa clear. Wasu sukan yi dabara, su ce idan Windows ce a kira cls, in ba ita ba a kira clear. Zai yi aiki, ban musa ba. Amma ɗan kabu-kabun yana nan yana ta zirga-zirga, kuma har yanzu abin da ka iya kenan, goge allo. Ba ka iya sa harafi a wurin da kake so ba, ba ka iya canza launi ba.

Ita ɗaya hanyar ga yadda take. Tamina ba ta nuna duk abin da ka tura mata. Akwai wani harafi da ba a gani, mai lamba 27, ana kiransa ESC. Idan tamina ta gan shi tare da alamar [ a bayansa, ta san abin da zai biyo baya umarni ne gare ta, ba rubutun da za ta nuna ba. An tsara wannan ƙa'ida ne a Turai a 1976 da sunan ECMA-48, Amurka ta fitar da tata a 1979 da sunan ANSI X3.64, kuma na'urar VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978 ce ta yaɗa ta. Shi ya sa har yau ake ce musu lambobin ANSI. A cikin C da Python ana rubuta harafin ESC a matsayin \033.

Idan kana da Termux (wanda ke F-Droid ya fi zama abin dogaro), rubuta pkg install python, sannan ka gwada wannan layin:

print("\033[2J\033[H", end="")

Na farkon, \033[2J, shi ke goge allo. Na biyun, \033[H, shi ke mayar da manuni, wato ɗan layin nan mai ƙiftawa da ke nuna inda rubutu zai sauka, zuwa kusurwar sama ta hagu. Babu wata manhaja da aka taso, rubutu ne kawai ka tura. A C kuma printf ne zai yi maka aikin, da haruffan nan dai ba canji.

Idan kana son kai manuni layi na 5, gurbi na 12, sai ka ce \033[5;12H. Ka lura da kyau a nan, domin wurin ya kayar da mutane da yawa: ana fara faɗin layi ne sannan gurbi, kuma ƙirgen daga 1 yake farawa ba daga 0 ba. Shi kuwa gotoxy() na Borland gurbi yake fara karɓa sannan layi. Idan ka juya tsohon kod ba ka juya lambobin ba, za ka danna dama macijinka ya yi ƙasa.

Launi ma haka. \033[31m ja ne, \033[32m kore, \033[33m rawaya, \033[0m kuma ya mayar da komai yadda yake. Akwai \033[?25l da ke ɓoye manuni, \033[?25h ya dawo da shi. Sai wanda na fi so, \033[?1049h, wanda ke buɗe maka wani sabon allo fes domin wasan. Idan an gama ka tura \033[?1049l, duk abin da mutum yake yi a taminarsa kafin ya buɗe wasanka ya dawo masa yadda ya bar shi. Da waɗannan kaɗai ka maye gurbin rabin conio.h.

Yanzu za ka ce to Windows fa? Gaskiya ne shekara da shekaru cmd ba ta jin wannan yare. Idan ka tura mata, sai ka ga tarkace irin ←[2J a kan allo. Amma tun ƙarshen 2015, da sabuntawar Windows 10 mai lamba 1511, Microsoft ta saka shi. Sai dai a tsohuwar tagar cmd a kashe yake zuwa, kai za ka kunna. A C, ka karɓo hannun allo da GetStdHandle(STD_OUTPUT_HANDLE), ka karanta yanayinsa da GetConsoleMode, ka ƙara masa ENABLE_VIRTUAL_TERMINAL_PROCESSING da SetConsoleMode. Layi huɗu ne, sau ɗaya a farkon wasa, ka kewaye su da #ifdef _WIN32 domin kada su dami Linux. A Python ya fi sauƙi: pip install colorama, sannan ka kira just_fix_windows_console() a farko. Manhajar Windows Terminal da ta fito a 2020, wadda Windows 11 ke amfani da ita yanzu, ita ba ta ma bukatar kunnawa.

Inda matsala take shi ne Windows 7. Kuma mun sani, laftof ɗin da ake saye na hannu har yanzu akwai masu ɗauke da ita, duk da Microsoft ta janye hannu daga kanta tun Janairun 2020. A can cmd ba ta jin ANSI ko ka kunna me. Colorama tana fassara wasu daga cikin umarnin, kamar launi da matsar da manuni, amma ba duka ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ka gina wasanka a kan abin da ya mutu, ka bar wayoyin Android da ke aljihun kowa a aji ba. Wani abu kuma, idan kana gwaji a cikin IDLE, tagar nan da ke zuwa tare da Python, tarkace za ka gani, domin ita ba tamina ba ce. Buɗe cmd ko Termux ka gwada a can.

Mu koma kan ƙyaftawa, domin ko da ANSI ɗin za ka iya jawo ta. Idan a kowane zagaye kana goge allo gaba ɗaya sannan ka sake zanawa, akwai ɗan lokacin da allon yake wayam, ido kuma yana kama shi. Goge allo sau ɗaya ya isa, a farkon wasa. Daga nan, kowane zagaye ka koma sama da \033[H ka rubuta sabon zane a kan tsohon, kana ƙare kowane layi da \033[K domin ya share guntun da ya rage a damansa. Kuma kada ka riƙa tura harafi ɗai-ɗai. Haɗa duk zanen a cikin jimla guda, ka tura shi lokaci ɗaya, ka bi shi da flush=True a Python ko fflush(stdout) a C. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne. Linux takan riƙe rubutu har sai ta ga ƙarshen layi kafin ta fitar, don haka idan ka manta, za ka ga wasan kamar ya daskare alhali yana gudu. Ga ƙarin riba ga wanda yake kai waya wurin mai caji: ƙarancin aikin banza, ƙarancin cin batir da zafin waya, wanda a bazarar Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce a waya ya kamata ka fara gwaji, ga dalili. Yawancin darussan intanet suna ɗauka cewa allonka yana da gurbi 80 a kwance da layi 24 ko 25 a tsaye, gadon VT100 da MS-DOS. Waya a tsaye sau da yawa ba ta kai 80 ɗin ba. Idan layinka ya fi faɗin allo, sai ya karye ya sauko ƙasa, duk zanen ya wargaje. Sannan a Termux girman allo ba ya zama wuri ɗaya. Mutum ya ware yatsu biyu a kan allo, haruffa su ƙara girma, gurabe su ragu. Kibod ya fito, kusan rabin layukan sun tafi. Wasan da ya jure wannan zai zauna lafiya a kowace laftof, amma wanda aka auna da laftof babu tabbacin zai shiga waya. Don haka tambayi tamina girmanta kafin ka zana komai. A Python shutil.get_terminal_size() zai ba ka amsa a Windows da Linux duka, kuma ba laifi ka riƙa tambaya a kowane zagaye. Idan wurin bai isa ba, rubuta wa mutum "Rage girman rubutu" a maimakon ka zuba masa shirme.

Tunda maganar girma ake, me ya sa kowa sai maciji? Ga dara, wasanmu na gida da dattawa ke yi a gindin bishiya da ramuka a ƙasa. Gidaje 30 ne, layi 5 gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Idan ka ba kowane gida faɗin harafi 4, duka allon darar da bangonsa gurbi 25 ne a kwance, layi 11 a tsaye. Zai shiga kowace waya ko da kibod a buɗe. Kuma tunda bi da bi ake yi, ba ka bukatar wahalar karanta maɓalli cikin gudu. Shawara ɗaya: kada ka bambanta 'yan wasan biyu da launi kaɗai. Ja da kore a kan baƙi, a rana tsaka a waje, da hasken waya da aka rage don tattalin caji, ba kowa zai rarrabe su ba. Ba ɗaya X, ɗaya O, launin ya zama ƙari.

Akwai kuma matsalar da babu wani bidiyon Indiya ko Amurka da zai faɗa maka, domin ba ta shafe su ba: haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta "Ɗan wasa na biyu ya ci" ko "Wasa ya ƙare", a Termux ya fito tsaf, domin da UTF-8 take aiki. A tsohuwar cmd, furogiram ɗin C zai nuna wasu baƙaƙen alamomi biyu a wurin ƙ, saboda tsarin haruffan da take tashi da shi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Maganin shi ne SetConsoleOutputCP(65001) a wurin nan da ka kunna ANSI. Python tun daga 3.6 ta warware wannan da kanta. Idan bayan haka ka ga ɗan akwati a madadin harafin, salon haruffan tagar ne ba shi da shi, sai a canza salon.

Ba a nan ta tsaya ba. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne, haka ma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Shi kuwa strlen() na C bayit yake ƙirgawa. Zai ce maka "ƙasa" 5 ne alhali gurbi 4 ta ci a allo. Idan da shi kake lissafin inda bangon dama zai tsaya, duk layin da ke da harafi mai lanƙwasa bangonsa zai shigo ciki da gurbi ɗaya. Na ga masu gudun wannan suna rubuta k a wurin ƙ, wato an gyara kod an ɓata Hausa. Babu bukata. Tunda ka iya kai manuni duk inda kake so, rubuta kalmarka, sannan ka yi tsalle kai tsaye zuwa gurbin bangon ka zana shi. Ba ruwanka da ƙirge. Su emoji kuwa ka bar su a WhatsApp, yawancinsu gurbi biyu suke ci, kuma taminoni ba su daidaita a kansu ba.

Inda ANSI ba za ta cece ka ba shi ne kibod, kuma gara ka sani tun yanzu. Wasa irin maciji yana bukatar jin maɓalli nan take ba tare da an danna Enter ba. A Windows, msvcrt.kbhit() da msvcrt.getch() ke yin wannan a Python. A Linux da Termux da Mac sai ka canza yanayin tamina da termios da tty.setcbreak(), ka leƙa ko an danna wani abu da select. Babu hanya ɗaya da ta haɗa su. Abin yi shi ne ka killace bambancin: fankshin guda, ka kira shi karanta_maballi(), a cikinsa kaɗai ake tambayar wace na'ura ce wannan. Sauran wasan bai san ma akwai Windows a duniya ba.

Maɓallan kibiya su ne suka fi rikici. Kibiyar sama a Linux haruffa uku take turowa, ESC da [ da A. A Windows getch() zai ba ka 224 ko 0 tukuna, sannan 72. Idan kana farawa ne, ka huta, yi amfani da W, A, S, D. Harafi ɗaya ne a ko'ina, kuma suna kan kibod ɗin waya. Haka jira tsakanin zagaye: Sleep(100) na Windows kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, sleep(100) na Linux daƙiƙa 100 ne cur. Bambancin babban harafi da ƙarami kawai. A Python time.sleep(0.1) ya raba gardama.

Wanda ya ɗan yi nisa zai ce duk wannan wahalar ta mene ce, ga curses? Yana da hujja. Curses laburare ne da Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da shi aka gina wasan Rogue a 1980, kuma magajinsa ncurses yana nan a Linux da Termux. Yana lura da abin da ya canza a allo ya zana shi kaɗai, yana fassara kibiyoyi, yana jin canjin girma. Idan wasanka ya girma, da tagogi da jerin zaɓi, je ka gare shi, ba na hana ka. Amma Python ta Windows ba ta zuwa da shi, sai an sauke windows-curses, a C kuma sai an haɗa da PDCurses. Wato duk wanda za ka ba wasan sai ya sayi data ya sauke wani abu kafin ya gani, ciki har da malamin da zai duba aikinka a kwamfutar da ba taka ba. Sannan curses ɗin kansa, a ƙarƙashi, irin waɗannan lambobin yake tura wa tamina a Linux. Wanda ya taɓa rubuta \033[H da hannunsa, ranar da curses ya yi masa gardama ya san inda zai duba.

Saura fita daga wasan, wanda nan ne dara ke cin gida. Ka ɓoye manuni, ka hana tamina nuna abin da ake dannawa, sai wasan ya faɗi a tsakiya ko mutum ya danna Ctrl da C (a Termux, maɓallin rage sauti ne Ctrl). Ya dawo taminarsa yana rubutu ba ya ganin komai, ya ɗauka ka lalata masa waya. Ajiye yanayin tamina da termios.tcgetattr() tun farko, ka sa duk wasan a cikin try, a cikin finally ka mayar da yanayin, ka tura \033[0m da \033[?25h da \033[?1049l. A C, atexit() zai yi maka idan an fita ta hanya, Ctrl da C kuwa sai ka tare shi da signal(). Idan kuma abin ya riga ya faru, ko a wasanka ko na wani, a rubuta reset a danna Enter, ko da ba a ganin haruffan, tamina za ta dawo hayyacinta.

Idan za ka tura fayil ɗin daga laftof zuwa waya, ta Xender ko WhatsApp, zai sauka ne a ma'ajiyar wayar, inda Termux ba ta gani sai an ba ta izini. A rubuta termux-setup-storage sau ɗaya, a amince, sannan a shiga ~/storage/downloads ko duk inda fayil ɗin ya faɗa. A tashe shi da python wasa.py kai tsaye. Windows tana ƙare kowane layi da haruffa biyu ne, Linux da ɗaya, kuma wannan ƙarin harafin yana hana layin #! na saman fayil aiki idan aka ce za a tashe shi da ./wasa.py, amma ita Python ɗin ba ta damu da shi ba.